Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tebur a Cikin Ƙaramin Akwati

Wanda ya saba haɗa kwamfuta a babban akwati, idan ya manta wata waya, hannu kawai yake zurawa ya jona ta. A ƙaramin akwati kuwa, wayar da ka manta tana iya sa ka kwance aikin awa biyu, domin bakin da za ta shiga ya riga ya ɓuya a bayan mai sanyaya firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ko a ƙarƙashin katin hoto, wato allon da ke sarrafa hoton da ake gani a monita. Kayan iri ɗaya ne, jone-jonen ma ba su canza ba. Abu biyu ne suka bambanta: awo, da sanin abin da ke riga wani shiga. Na haɗa irin waɗannan kwamfutoci da dama, kuma yawancin gargaɗin da za ka gani a nan sai da suka ci ni kafin na koye su.

Idan na ce ƙaramin akwati, ina nufin wanda cikinsa bai kai lita 20 ba, irin wanda aka ƙera domin madabod (babban allon kwamfuta) samfurin Mini-ITX.

Kayan aiki

Babban abokin aikinka shi ne sukudireba mai bakin gicciye lamba 2. Nemi mai dogon wuya, wanda bakinsa ke da maganaɗisu, domin akwai notunan da yatsa ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Idan naka ba ya kama noti, goga bakinsa sau da yawa a jikin wani maganaɗisu, zai riƙe har ka gama. Sai ƙaramin sukudireba lamba 1 ko 0 saboda ɗan notin SSD, wato ma'ajin bayanai.

Sauran su ne tocila, mafi kyau ta ɗaurawa a goshi. Matsefata ko filaya mai siririn baki. Igiyoyin roba masu haƙori na ɗaure waya, da abin yanke farce domin datse jelarsu. Rula mai milimita. Ƙananan murafu uku ko huɗu na raba notuna. Man zafi da ake shafa wa firosesa. Sifirit na isofurofil da ƙyalle marar gashi. Filashi mai gigabait 8 ko fiye. Monita da kibod.

Game da wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda kan lalata kayan lantarki ba tare da an ga alama ba: idan kana da igiyar ɗaurawa a wuyan hannu, yi amfani da ita. Idan babu, riƙa taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki kowane kaya, kada ka yi aiki a kan kafet, kuma ka riƙe kowane allo ta gefensa.

Kayan da za su shiga ciki

Madabod, wato babban allon da komai ke hawa kansa. Mini-ITX milimita 170 ne tsawo da faɗi, kamfanin VIA ne ya fito da shi a 2001. Kwatanta da ATX mai milimita 305 da 244, za ka ga irin abin da aka matse. Tsagar katin hoto ɗaya ce, gurbin RAM (ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi) kuma biyu ne a kusan dukkansu. Saboda haka ka sayi adadin RAM ɗin da kake buƙata tun farko, guda biyu a fakiti ɗaya, domin babu gurbin ƙari daga baya sai dai a cire a sauya.

Firosesa dole ta dace da soket ɗin madabod, wato gurbin da take zama. Soket AM4 na AMD da RAM samfurin DDR4 yake aiki, AM5 da DDR5. A ɓangaren Intel, LGA1851 DDR5 ne, amma LGA1700 yana da madabod na DDR4 da na DDR5, sai ka karanta kwalin da kyau.

SSD samfurin M.2 ya fi kowane ma'aji dacewa da wannan aiki, domin ba ya jan waya ko ɗaya. Wanda aka fi samu shi ne 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80.

Na'urar ba da wuta, wadda masu gyara ke ce wa fawa. Yawancin ƙananan akwatuna SFX suke karɓa, mai awon milimita 125 da 63.5 da 100. Akwai SFX-L da ta fi ta tsawo da milimita 30, kuma wannan 30 ɗin sau da yawa shi ne ainihin wurin da wayoyi za su kwanta. In da zaɓi, ɗauki SFX wadda ake cire wayoyinta. Ƙarfinta kuma ka bi abin da masu ƙera katin hotonka suka ce.

Sai mai sanyaya firosesa, da fankoki, da katin hoto. Katin ba dole ba ne. Idan aikinka rubutu ne da intanet da kallo, firosesa mai sarrafa hoto a cikinta ta wadatar, kuma rabin wahalar wannan aiki ta tafi.

Awon da za ka yi kafin ka sayi komai

A nan ake asarar kuɗi, don haka zan ɗan tsaya. Buɗe shafin bayanin akwatin a intanet ka rubuta iyakokinsa a takarda, sannan ka gwada kowane kaya da su.

Na farko, tsayin mai sanyaya. Cooler Master NR200, mai kimanin lita 18, yana ɗaukar har milimita 155 idan murfin raga ne a gefensa. Fractal Design Terra, mai lita 10.4, iyakarsa 77. DAN A4-SFX, mai lita 7 da 'yan kai, 48 kacal. Shi ya sa ake da gajerun masu sanyaya irin Noctua NH-L9 mai milimita 37, da Thermalright AXP90-X47 mai 47, da NH-L12S mai 70. Kada ka sayi wanda tsayinsa ya yi daidai cif da iyaka. Idan fanka ta kusa manne wa murfin raga, iskar da ke ratsa ƙananan hujojin takan yi wani fito mai damun kunne. Bar 'yan milimitoci.

Na biyu, katin hoto, kuma awonsa uku ne: tsawo, kauri, da faɗi. Kowa yana tuna tsawo. Kauri ana ƙirga shi da tsaga, kowace tsaga kimanin milimita 20 ce, kati mai tsaga biyu da rabi zai kai wajen 50. Faɗi shi ake mantawa, domin wayar wuta a gefen katin take shiga, kuma ita ma tana buƙatar wurin lanƙwasa kafin murfi ya rufu.

Na uku, tsayin RAM. Masu dogon gashi da fitilu suna da kyan gani, amma gajeren mai sanyaya yakan shimfiɗu ta kansu. Ɗauki marasa ado, waɗanda tsayinsu bai wuce wajen milimita 35 ba.

Ka kuma san tsarin akwatinka. Akwai wanda kati ke shiga madabod kai tsaye. Akwai kuma na baya da baya, inda madabod ke gefe ɗaya, kati ɗaya gefen, wata faffaɗar waya da ake kira raiza ta haɗa su. A Terra ma bangon tsakiyar ana matsar da shi: duk abin da ka ƙara wa kati, daga mai sanyaya ka rage shi. Yanke shawarar rabon kafin ka ɗaura noti na farko.

1. Tuɓe akwatin tas

Cire duk murfin da ke cirewa: gefe biyu, sama, ƙasa, gaba. Cire mazaunin fawa da sandar fanka idan suna fita. Raba notunan kashi-kashi, kuma ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki. Notuna iri biyu ne ke ruɗa mutane, 6-32 mai kaurin zare da M3 mai laushin zare. A ido kamar ɗaya suke. Idan noti ya fara tauri tun zagaye na biyu, ba nasa ba ne, kada ka tilasta shi.

Ajiye akwatin gefe. Matakai huɗu masu zuwa duk a kan tebur za a yi su, madabod yana kan kwalinsa.

2. Firosesa

Danna ɗan sandan soket ka zame shi gefe, murfin ƙarfen zai ɗaga. A AM5 da soket ɗin Intel, tsinkayen suna cikin soket, sirara ne kamar gashi. Kada yatsa, hannun riga ko noti ya kusance su. Duba alamar alwatika a kusurwar firosesa ka daidaita ta da ta soket, ka sauke ta a hankali, kwance. Nauyinta kaɗai ya isa ta zauna. Mayar da murfin, danna sandan. Zai yi tauri har ka tsorata, haka yake. Baƙar robar da ke rufe soket za ta fita da kanta. Adana ta, domin za a neme ta idan za a mayar da madabod ko a sayar.

A AM4 tsinkayen a jikin firosesa suke, soket kuma hujoji ne. Idan ba ta faɗa ciki da kanta ba, ɗaga ta ka sake duba alamar.

3. SSD da RAM

Juya madabod ka duba bayansa. Da yawa daga cikin na Mini-ITX suna da gurbin M.2 na biyu a can. Idan za ka yi amfani da shi, yanzu ne lokacinsa, domin a wasu akwatunan in madabod ya shiga, sai an fito da shi gaba ɗaya kafin a kai wurin.

Cire ƙarfen da ke rufe gurbin gaba, zura SSD a karkace, kamar digiri 30, danna shi ƙasa ka ɗaure. A ƙasan ƙarfen akwai wata katifa mai laushi da ke jan zafi, an rufe ta da leda. Ɓare ledar kafin ka mayar.

RAM yana da yanka a tsakanin haƙoransa, kuma ba a tsakiya yankan yake ba, don haka hanya ɗaya yake shiga. DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, amma yankansu ba wuri ɗaya ba ne. Idan ya ƙi daidaituwa ta kowace fuska, ba irin na madabod ɗinka ba ne. Buɗe kunnen gurbin, danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas a kowane ɓangare. Yawancin kwamfutocin da suka ƙi tashi a kunnawar farko da na gani, RAM ne bai gama shiga ba.

4. Mai sanyaya

Kafin ka shafa mai, ɗora shi haka nan ka gwada fuskokinsa. Duba ko bututunsa na tagulla suna taɓa RAM ko ƙarfen da ke bayan mashigan USB, ko ya toshe tsagar katin hoto. Sau da yawa fuska ɗaya ce kawai ke yi.

Sannan ka duba gindinsa. Ko dai an riga an shafa masa mai daga kamfani, ko kuma akwai siririyar leda manne. Na taɓa mantawa da wannan leda. Kwamfuta ta tashi lafiya, amma da ta fara aiki sai fanka ta kama ruri, zafi ya kai iyaka cikin daƙiƙu. Ɗan hakin da ka raina ke nan: sai da na fito da kati da fawa da madabod saboda ledar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Ɗiga man zafi a tsakiyar firosesa, ɗigo mai faɗin kimanin milimita 5. Matsin mai sanyaya zai baza shi. Idan ya ɗan yi yawa ba matsala ba ce sosai, ƙarancinsa ya fi illa. Idan ka ɗora ka sake ɗagawa, goge fuska biyun da sifirit ka sa sabo. Ɗaure notuna a gicciye, zagaye biyu a nan, biyu a kusurwar da ke kallonta, har su tsaya. Wasu gajerun masu sanyaya ta bayan madabod ake ɗaure su. Dabarar ita ce ka kifa mai sanyaya a tebur, gindinsa na kallon sama, ka kifa madabod a kansa. Jona wayar fankarsa a bakin da aka rubuta CPU_FAN, ka cusa ragowar wayar a ƙarƙashinsa.

5. Gwaji a kan kwali

Kada ka tsallake wannan, ko da ɗoki ya cika ka. Bar madabod a kan kwali, ba a kan ledarsa mai ƙyalli ba. Daga fawa, jona babbar waya mai baki 24, da wayar firosesa mai baki 8. Idan firosesarka ba ta sarrafa hoto, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshe da yawancin Ryzen (firosesar AMD) na AM4 marasa harafin G, saka katin hoto kai tsaye a tsagarsa ka ba shi wuta. Jona monita da kibod.

Tun da babu maɓallin kunnawa, duba littafin madabod ka nemo tsinkaye biyu na PWR_SW, ka taɓa su tare da bakin sukudireba na ɗan lokaci. Fanka za ta juya. Idan DDR5 ne, musamman a AM5, allon yana iya zama baƙi na 'yan mintuna a karon farko, madabod yana gwada RAM ne. Ka yi haƙuri, kada ka kashe. Da hoto ya fito, danna Del ko F2 ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka tabbatar ya ga firosesa, duk RAM, da SSD.

Akwai abu biyu da ya fi kyau a yi tun a nan. Ɗaya, sabunta BIOS idan akwai sabo. Biyu, batun raiza: idan raizar akwatinka ta ƙarni na 3 ce, kati da madabod kuma na 4 ne ko 5, za su nemi yin magana da saurin da wayar ba za ta iya ɗauka ba, sai allo ya ƙi nuna komai. Shiga saitin PCIe (tsagar katin hoto) yanzu ka ɗaure shi a Gen3, wato ƙarni na 3, ka adana. Wanda bai yi haka ba sai ya sake fito da kati ya saka kai tsaye kafin ya iya ganin BIOS.

Kashe, zare wuta daga bango, cire katin.

6. Wayoyi kafin madabod ya shiga

Wayar firosesa mai baki 8 tana shiga ne a kusurwar sama, wurin da ke zama lungu da zarar madabod ya zauna. Bar ta a jone a madabod, ka cire ta daga ɓangaren fawa. Haka ma duk wata wayar fanka da bakinta ke kusa da mai sanyaya.

Gargaɗi biyu a nan, kuma duka biyun suna iya ƙona kaya. Wayar firosesa da ta katin hoto duk baki 8 gare su, amma ba ɗaya ba ne: ta firosesa tana rabuwa 4 da 4, ta kati 6 da 2. Na biyu, kada ka taɓa amfani da wayar wata fawa a jikin wata, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su, ko da ta shiga daram. Ɓangaren da ke shiga jikin fawa ba shi da tsari guda da kowa ke bi, waya za ta iya kai volt 12 inda ake jiran 5.

7. Madabod ya shiga

Idan madabod ɗinka ya zo da farantin ƙarfe na mashigan baya daban, danna shi cikin tagar akwatin tukuna, daga ciki, har kusurwa huɗu su kama. Gefensa yana yanka. Tabbatar ginshiƙai huɗun da madabod zai hau suna nan, kuma babu wani ƙari da zai taɓa bayansa.

Sauke madabod a karkace, mashigai su fara shiga tagarsu. Leƙa ta baya da tocila: farantin yana da wasu ƙananan harsunan ƙarfe da kan lanƙwashe su shige cikin ramin USB ko na intanet. Saka notuna huɗun sako-sako tukuna, sannan ka bi su ka ɗaure. Da noti ya tsaya, tsaya kai ma.

8. Ƙananan wayoyin gaba

Su ne masu cin rai. Wayar maɓallin kunnawa ba ta da dama da hagu, ko ta yaya ka saka ta za ta yi. Ta fitila tana da su, idan ka juya ta fitilar kawai ba za ta kama ba, babu abin da zai lalace. Matsefata ce ke ceton mutum a nan.

Wayar USB 3 mai baki 19 tana da kauri da tauri, tsinkayenta kuma sirara. Daidaita ɗan tudun da ke gefenta da yankan gurbin, ka danna a miƙe. Idan za ka cire ta, riƙe gurbin da ɗaya hannun, domin tana iya fizgo robar gaba ɗaya. Wayar sauti an rubuta mata HD AUDIO. Ni dai idan na san ba zan yi amfani da mashigin gaba ba, ba na jona ta, naɗe ta nake yi in ɓoye.

Idan akwai fitilu masu launi, lura: masu baki 3 na volt 5 ne, masu baki 4 na volt 12. Ka saka na 5 a gurbin 12, sun ƙone nan take.

9. Fawa

Jona wayoyin da kake buƙata kaɗai a jikin fawa tun tana waje, sauran su koma kwali. Fankarta ta kalli murfi mai raga domin ta sha iskar waje. A ƙananan akwatuna da yawa fawa ba ta kai bango na baya, wata waya ce ke ɗauko wuta daga baya ta kawo mata. Wannan yana nufin maɓallinta yana ɓoye a ciki. Danna shi ya koma kan alamar I kafin ka rufe. Na ga wanda ya kwance rabin kwamfuta yana neman laifi, ashe maɓallin nan ne.

Lanƙwasa babbar waya mai baki 24 da hannu ta ɗauki siffar hanyar da za ta bi, sannan ka jona. Sa yatsa a ƙarƙashin gefen madabod yayin dannawa don kada ya lanƙwashe.

Idan mai sanyayarka na ruwa ne, wurin shigarsa a jerin nan ya danganta da akwati, bi littafin. Ka tuna radiyeta mai milimita 27 da fanka mai 25 sun haɗa 52. Kuma kada famfon ya zama shi ne mafi tsayi a zagayen, domin iskar da ke ciki a sama take taruwa, idan ta taru a famfo sai ya kama ƙara.

10. Katin hoto

Shi ne na ƙarshe cikin manyan kaya. Kafin ya shiga, kwantar da duk wayoyin da zai rufe ka ɗaure su. Cire robar da ke kan haƙoransa da ledar fankokinsa. Dogon kati ba ya shiga a miƙe: fara zura jelarsa a karkace, sannan ka juyo da kansa. Danna har kunnen tsagar ya kama, ka ɗaure shi a baya. Idan da raiza, duba ɓangarenta biyu sun shige duka, kuma kada ka karya ta kamar takarda, lanƙwasa mai faɗi take so.

Tsaga tana ba kati wat 75, kowace waya mai baki 8 tana ƙara 150. Sababbin manyan katuna suna amfani da waya mai baki 16 da ke iya ɗaukar har wat 600, kuma ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Danna ta har ƙarshe, ka haska tocila ka ga babu ko siririn tsakani. Kada ka lanƙwasa ta daf da baki, kada kuma murfin akwati ya danne ta. Jonin da bai zauna ba yana zafi har roba ta narke. Idan murfi ba zai rufu ba sai da matsi, nemi wayar da aka yi wa fawarka takamaimai mai bakin kwana.

Ranar da za ka cire katin, za ka tarar kunnen tsagar ya ɓuya. Danna shi da ɗan itace ko roba. Sukudireba idan ya zame, madabod zai sara.

11. Fankoki da hanyar iska

Iska tana fita ta ɓangaren fanka da ke da sandunan da ke riƙe da injinta, tana shiga ta buɗaɗɗen ɓangaren. Wasu suna da kibiya a gefe. Abin da ake nema mai sauƙi ne: kati da firosesa su sha iskar waje kai tsaye, mai zafi kuma ta sami mafita, yawanci ta sama. Fanka ɗaya a wurin da ya dace ta fi uku da ke faɗa da juna. Inda mai kaurin milimita 25 ta ƙi shiga, akwai mai 15. Idan bakunan fanka a madabod sun ƙare, wanda ke faruwa da wuri a Mini-ITX, sa waya mai reshe biyu.

Juya kowace fanka da yatsa ka ji ko wata waya tana goga ta. Kada ka ɗaure igiyoyin roba tamau har sai kwamfuta ta tashi.

12. Kunnawa, saiti, da rufewa

Bar murafu a buɗe. Idan kana da katin hoto, jona monita a jikinsa, ba a madabod ba. Ɗaura eriyar Wi-Fi. Kunna.

Idan babu motsi ko kaɗan, duba maɓallin fawa, wayar cikin akwati da ke kai mata wuta, da tsinkayen PWR_SW. Idan fanka na juyawa amma babu hoto, duba ƙananan fitilun madabod idan yana da su: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take. Tun da komai ya yi aiki a kan kwali, laifin yana cikin abin da ka taɓa bayan nan: RAM da hannu ya ture, raiza, ko wata wayar wuta.

A BIOS, kunna XMP ko EXPO domin RAM ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, in ba haka ba a ƙasa da shi zai tsaya. Idan kwamfuta ta ƙi tashi bayan haka, share saitin da tsinkayen CMOS kamar yadda littafin ya nuna. Amma ka tuna sharewar tana goge saitin Gen3 da ka yi wa raiza. Idan Windows 11 za ka saka, tana buƙatar tsarin tsaro na TPM 2.0 a kunne, wanda AMD ke kira fTPM, Intel kuma PTT. Saka manhajar daga filashi, ka bi ta da direbobin madabod da na kati.

Yanzu ɗaure wayoyi sosai, datse jelar igiyoyi, mayar da murafu. Gwajin zafi bayan an rufe ake yin sa, domin buɗaɗɗen akwati ba ya faɗin gaskiya. Buɗe HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi, ka sa Cinebench, mai ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, ya yi minti 10, sannan ka ɗora wa katin aiki mai nauyi na rabin awa. Yawancin Ryzen na jerin 7000 an tsara su su riƙa kaiwa digiri 95 a ma'aunin Salshiyas idan aiki ya yi nauyi, yawancin na Intel kuma iyakarsu wajen 100 ce, don haka ganin 85 ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ko firosesa tana rage gudu sosai, ko ƙarar fanka ta hana ka zama. Idan haka ne, rage mata wuta a BIOS: a AMD akwai Eco Mode da ke mayar da ita wat 65, a Intel kuma ana rage iyakar wutar da hannu. Gudun da za ka rasa kaɗan ne idan aka kwatanta da sanyi da shirun da za ka samu. A ƙaramin akwati ni kusan kullum haka nake yi.

Idan ka kunna XMP ko EXPO, bar manhajar gwaji ta MemTest86 ta zagaye RAM ko sau ɗaya ne. Ajiye kwamfutar inda ɓangarorinta masu raga ke da sararin aƙalla faɗin tafin hannu daga bango, ba cikin rufaffen kabad ba. Ragowar wayoyin fawa kuma ka zuba su a leda guda, ka rubuta sunan fawar da lambarta a jiki, ka haɗa da robar soket da sauran notuna a cikin kwalin madabod.